Hancin Alfari, Sunan Siddo

Wanda ya saba sauka bakin gulbi a Gaya da hantsi ya san Alfari ko bai san sunansa ba. Dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, hancinsa kuwa shi ke riga shi shiga ɗaki. Yakan zauna a gefen jirginsa yana ɗinkin koma, ya danne zaren da babban yatsan ƙafa. In ka yi masa sallama sai ya amsa da kyau, ya tambayi mutanen gida, daga nan ya koma ga aikinsa. Mata masu sayen kifi suna cewa mutum ne marar magana. Waɗanda suka san shi kafin shekarar korona sun san ba haka Allah ya yi shi ba.

Alfari da Zabarmanci manomi ke nan, amma bai taɓa riƙe hauya ba. Babansa masunci ne, kakansa masunci. Shekarar da aka haife shi ce uban ya gwada noman shinkafa a bakin ruwa, gulbi ya cika ya kwashe gonar, ya koma jirginsa, sunan kuwa ya zauna a kan yaron. Bai shiga lakwal, makarantar boko, ba. Ya yi karatun allo gwargwadon abin sallah, sauran karatunsa a ruwa ya yi shi. Ya auri Aisata, Allah ya ba su ɗiya uku, babbarsu Kausar.

A gidansu ya tashi tare da Siddo, ɗan gwaggonsa, wanda aka kawo daga Yelu tun yana ƙarami. Siddo ya girme shi da shekara goma. Taubasai ne, kuma ba a taɓa ganin taubasan da suka riƙe wasan nan kamar su ba. A gida Dandanci suke yi, amma in za su zagi juna sai su juya Hausa, don duk kasuwa ta ji.

"Ga bawana nan, manomin ruwa," in ji Siddo. "Bana dami nawa na tarwaɗa ka samu?"

"Sannu jakin Alhaji. An sauke maka kayan, ko dai ka gudo da su?"

Siddo tsoron ruwa yake, ko jirgi ba ya shiga, shi ya sa ya kama dako. Shekara ashirin da biyu yana aiki a wata magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, kusa da inda kamiyoyi, manyan motocin kaya, ke tsayawa, suna sauke kayan da ke zuwa daga Kwatano: shinkafa, sukari, dilolin gwanjo. Mai magazar wani Alhaji ne, ɗan kasuwa da ke zaune Yamai, sau biyu ake ganinsa a shekara. Wanda ke tsaye a wurin shi ne mai rubutu, mai riƙe da lis, wato takardar sunayen ƴan dako. Kowace safiya ya yi apel, ya kira suna a amsa. Su Siddo su takwas ne a rukuninsu, har da shef ɗinsu, wato shugabansu, Yacuba, kwano ɗaya suke ci.

Suna a lis ɗin nan kamar gona yake. In aka shafe shi ba ya komowa, don mutum ashirin ke tsaye bakin ƙofa suna jira. Saboda haka ƴan dako suna da wata al'ada tun kafin Siddo ya zo. In mutum ya kwanta ciwo, sai ɗan'uwansa ya zo ya amsa sunansa, ya ɗauki kayansa, har ya tashi. Mai rubutu ya sani, sai dai ba ya ɗaga kai in yana apel. Mai magaza bai sani ba, ba kuma wanda ya ga amfanin gaya masa.

Da cutar korona ta shigo aka rufe iyaka ga mutane, ba a rufe ta ga kaya ba. Gadar Malanbil da ke kan iyaka ta yi shiru. Ƴan kabu-kabu suka riƙa kwanciya a kan motocinsu, matan da ke kai haja ƙetare suka zauna gida. Kamiyoyi kaɗai ke wucewa. A lokacin wanda ke da suna a lis ya fi mai rumbu biyu kwanciyar rai. Zuwera ma, matar Siddo, tana samun ciniki, don kifi take soya wa direbobi a gindin wata bishiyar bedi, kifin kuwa na Alfari ne.

Cikin sanyin ƙarshen shekarar, wata dilar gwanjo ta zame daga kan kamiyo ta faɗo wa Siddo a ƙafa. Ba ta karye ba, amma ta kumbura har takalmi ba ya shiga. Lokacin gulbi ya cika, kifi ya shige ciyawa, masunta suna zaune. Alfari ya tafi duba shi.

"To, an kashe jaki," in ji shi daga bakin ƙofa. "Zuwera, ki ajiye mini fatar."

"Gobe ka tafi ka amsa mini suna," in ji Siddo. "Ka ga yau bawa ya yi amfani."

Haka Alfari ya yi kwana tara yana zama Siddo. Mai rubutu ya kira, shi ya amsa. Ƴan dako suka ji daɗinsa, don buhu biyu yake ɗauka yana ba da labari, ba ya ko haki.

A rana ta goma Yacuba ya tara su. Ya ce mai magaza ya yi waya daga Yamai. Gobe likitoci za su zo su auna kowa, wanda bai zo ba a shafe sunansa. Bayan la'asar Alfari ya kai wa Siddo labari.

"Ni da ko bayan gida sai da sanda," in ji Siddo. "In suka gan ni haka, ai ƙafar ma ta isa a kore ni."

"To ya za a yi?"

"Yadda ake yi. A kira, ka amsa. An ce hanci suke dubawa. Kai musu naka, sun samu wurin aiki. Sai dai su zo da tocila."

Zuwera na tsince shinkafa a gefe, ta ce, "Ni dai abin nan bai kwanta mini ba. Wannan ba buhu ba ne."

"Ke dube shi," in ji Siddo. "Wannan ƙaton ko aljani ya shiga jikinsa sai ya ɓata hanya."

Suka yi dariya su ukun. A wurinsu awon nan wani apel ne kawai.

Da safe likitoci suka zo su uku, sun rufe jiki ruf da fararen kaya, ba a ganin komai sai idanu. Ba ƴan gari ba ne. Kowa ya sa ƙyalle a baki ya shiga layi. Da aka zo kan Alfari, wata mace ta tambaye shi suna, ya ba da na Siddo. Ta tambayi unguwa da gida, ya kwatanta mata gidan Siddo, har da bishiyar mangwaron da ke ƙofa. Ta tambayi shekaru, ya ce hamsin da biyar. Ta ɗaga ido ta dube shi, ta rubuta. Sai aka tura masa wani tsinke mai auduga a hanci har ya ji shi a tsakiyar kai. Hawaye suka zubo masa, ƴan dako na ta dariya a baya.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, Yacuba ya tsayar da aiki. Ya ce an samu mutum ɗaya pozitif, wato yana ɗauke da cutar, kuma duk su takwas ɗin an ce su koma gida kwana goma sha huɗu. Bai faɗi suna ba. Ya dai dubi Alfari, ya sunkuyar da kai.

Alfari ya kama hanyar gidan Siddo da sauri. Tun daga nesa ya hango farar mota a gindin mangwaro. Mutane sun yi cirko-cirko a bakin lungu, ba wanda ya matsa. Wani mai farin kaya yana fesa magani a ƙofar gidan, ya fesa a randa, ya fesa a kaskon suyar Zuwera da ke kife a jikin bango. Wata maƙwabciya ta ja ɗiyarta cikin gida ta rufe ƙyaure. Alfari ya tsaya cikin taron, kafaɗarsa na gogar ta mutane. Sai ya tuna hancin wa aka auna. Ya ja da baya a hankali har ya jingina da bango shi kaɗai.

Da motar ta tafi ya zagaya bayan gidan, inda katangar ta gajarta. Siddo ya jawo ƙafa ya zo ya tsaya daga ciki.

"Tsaya nan, kar ka matso," in ji Siddo. "Ashe bawan nawa ruɓaɓɓe ne."

"Zan je in gaya musu."

"Ka gaya musu me?"

"Cewa ni ne. Kai lafiyarka lau."

"In ka faɗa, ni an shafe ni, don ban je awo ba. Yacuba an kore shi. Akwai tsofaffi biyu a wancan rukunin da ɗiyansu ke amsa musu, su ma sun tafi. Kwana sha huɗu ne kawai. Dama ƙafar tana son hutu. Ka rufe bakinka, ko da yake na san aiki ne babba a gare ka."

"To ni fa? Ba wanda ya ce in zauna gida."

Siddo ya ce, "Kai dai ka nisanci yaran nan."

Alfari bai shiga gidansa ba. Daga ƙofa ya kira Aisata ya gaya mata komai. Ta riƙe baki, ta ce, "Baban Kausar, ɗaki ɗaya gare mu." Ya ce ya sani. Ta ajiye masa tabarma da bargo da tukunya da ɗan gari a ƙasa, ta koma baya, ya ɗauka. Ya tura jirginsa ya tafi wani ɗan tsibiri da ke ƙasa da gari, inda masunta ke kafa bukka da rani.

Nan ya yi kwanakinsa sha huɗu, ba da umarnin kowa ba, ba kuma da sanin kowa ba sai mutum uku. Da farko yana cewa ko injin likitocin ne ya yi kuskure, don ba ya jin komai. A rana ta uku ya hura wuta zai banda ƴan kifayen da ya samu. Hayaƙi ya turnuƙe shi, idanunsa na ruwa, amma bai ji warinsa ba. Ya ɗauki kifi ya kai hanci. Babu ƙarni. Mutumin da aka haifa cikin ƙarnin kifi. Ya zauna a kan yashi ya yi ta salati. Zazzaɓi ya zo ya yi kwana biyu ya wuce. Yana sallolinsa shi kaɗai, yana jin kiran sallar Gaya da na ƙetare suna haɗuwa a kan ruwa.

Duk bayan kwana biyu yakan zo bakin gaɓa da hantsi, ya rataye kifi a wani kututture, ya koma cikin jirgi. Aisata ta zo ta ɗauka, rabi nasu, rabi ta ajiye a ƙofar Zuwera. Daga gaɓa take ɗaga murya ta ba shi labari. Mai ruwa ya daina kai wa su Siddo ruwa. Yara suna toshe hanci in za su wuce ƙofar. Wata mata ta kafa kaskonta a gindin bedin Zuwera. Cikin ƴan dakon nan bakwai, ɗaya ya sayar da akuyarsa, ɗaya matarsa ta tafi gidansu da yara don babu abin ɗorawa a wuta. Kuma tun kwana na uku an kawo samari daga Tanda suna sauke kaya, don kamiyo ba ya jira.

Da kwanakin suka cika, ƙafar Siddo ta saɓe. Ya yi wanka ya sa rigar aikinsa, Alfari ya raka shi magaza. Aka yi apel. Aka kira Yacuba, aka kira sauran shida ɗaya bayan ɗaya. Ba a kira Siddo ba.

"Malam, ka tsallake ni," in ji Siddo.

Mai rubutu bai ɗaga kai ba. "Alhaji ya ce ka ƙara hutawa. Ya ce ciwon nan yana cin ƙirji, kai kuma ba yaro ba ne."

"Har yaushe?"

"Bai faɗa ba."

Siddo ya juya wajen abokan kwanonsa. Suna tsaye nesa da shi kamar taku biyar. Ba mugunta ba ce, kowannensu ya ga abin da kwana sha huɗu ya yi wa gidansa. Wani saurayi daga cikin ƴan Tanda ya ja rigarsa ya rufe hanci.

Kwana shida suna zuwa haka, Siddo na tsayawa bakin ƙofa tare da masu jira. Zuwera ta nemi wata inuwar ta soya kifi, ta komo da shi yadda ta kai. Direbobi sun ji labari tun daga Kwatano cewa matar mai korona ce. A hanya Siddo yakan ce, "Za su gaji. In buhunan suka fara faɗuwa daga hannun yaran nan za su neme ni. Kai dai ka yi shiru." Alfari kuwa abin na cin sa. Shi ake gaisarwa hannu da hannu a masallaci, Siddo kuma in ya tsaya a sahu sai a bar gurbin mutum ɗaya dama da hagunsa.

Rana ta bakwai Alfari ya kasa. Ana gama apel ya fito tsakiyar fili, da muryar nan tasa da ake ji daga wannan gaɓa zuwa waccan.

"Ku ji tsoron Allah, jama'a. Mutumin nan bai taɓa yin ciwon nan ba. Ni aka auna. Ni na amsa sunansa, ni na ba da hancina. Yacuba ga ka nan, ka faɗa. Malam mai rubutu, kai ma ka sani."

Kowa ya juyo yana kallonsa. Siddo ya kama hannun rigarsa yana ja, bai ko ji ba. Yana tsammanin da ya faɗi gaskiya sai a buɗe lis a mayar da sunan. Bai lura da cewa ranar ɗan mai magaza ya zo daga Yamai, yana zaune cikin mota gilashi a sauke.

Kafin azahar an gama. Aka ce daga yau ba mai amsa sunan wani, kowa ya kawo takardarsa mai hoto. Aka sauke Yacuba daga shef. Tsofaffin nan biyu aka shafe su, ɗiyansu ma ba a ɗauke su ba. Mai rubutu aka mayar da shi wani gari. Siddo kuwa, da an ce ya huta, yanzu aka ja layi a kan sunansa, aka ce ya yaudari likita. A gari kuma ba abin da ya sake. Masu cewa Siddo ne ba su daina ba, sai dai aka ƙara Alfari a kai.

Suka kamo hanya su biyu. Alfari yana jiran zagi. Yana roƙon Allah a zuci Siddo ya zage shi, ya kira shi bawa, ya ce babban baki, ko ma ya mare shi. Da suka kai mararraba Siddo ya tsaya, ya miƙa masa hannu biyu kamar yadda ake gaida baƙo.

"Malam Alfari, na gode da wahalar da ka sha. Allah ya saka da alheri. A gaida iyali."

Da Dandanci ya faɗa, a hankali, ba wanda ya ji sai shi.

Siddo ya nemi dako a wasu wuraren bai samu ba, don labarin ya riga shi. Kafin azumi ya kwashe iyalinsa ya koma Yelu wurin dangin babansa, garin da ya bari yana ɗan shekara bakwai. Ba shi da gona a can. Ƙwadago yake yi a gonakin mutane, Zuwera na surfe. Alfari ya koma ruwa. Ƴan dako har yau ba sa sayen kifinsa, kuma bai taɓa ganin laifinsu ba. An buɗe iyaka, kasuwa ta komo, mutane sun manta da ƙyallen baki, har wasu na cewa ciwon ma ba a yi shi ba. Duk wata yakan ɗaure busasshen kifi ya ba direban motar Yelu. Direban ya komo ya ce, "Ya ce a yi maka godiya ƙwarai."

Sallar layya ta bara Aisata ta matsa masa ya tafi da kansa. Ya samu Siddo a ƙofar wata bukka, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Siddo ya tashi da sauri ya shiga ciki, ya fito da sabuwar tabarma wadda ko naɗinta bai saki ba, ya shimfiɗa masa a inuwa. Shi kuma ya zauna a ƙasa can gefe. Ya tambayi Aisata, ya tambayi Kausar da ƙannenta kowa da sunansa, ya tambayi ruwa. Zuwera ta kawo tuwo da miyar kuka, ta ajiye a gaban Alfari, ta koma ciki tana share ido da gefen zane.

"Ba za ka sa hannu ba?" in ji Alfari.

"Na riga na ci. Bismilla, Malam."

Alfari ya yi loma uku ya wanke hannu. Ya buɗe baki zai ce wani abu game da gemun, ya ga Siddo na kallonsa da ladabi, yana jira ya ji me baƙo zai ce. Sai ya ce yana so ya samu motar la'asar. Siddo ya raka shi har bakin hanya, ya tsaya har motar ta tashi.

Allah ya sa wata rana su haɗu a inda babu sauran nauyi a tsakaninsu.